Keken Gwanjo a Garin Tuddai

Na san da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla tamu za su yi murmushi in suka ga wai mutum ya ɓata tawada a kan yadda ake zaɓen keke. A Zariya ko Kano ko Funtuwa wannan ba abin koyarwa ba ne. Yaro ɗan shekara bakwai yakan faki idon babansa ya ja keke waje, ya zura ƙafa ta ƙarƙashin ƙarfen tsakiya yana tuƙi a karkace, kafin a ankara ya zama gwani, har ya san kukan sarƙar da ke neman mai. Ni kuwa ba haka na tashi ba. A Abakpa Nike aka haife ni, cikin birnin Inugu, kuma har na cika shekara 22 ƙafata ba ta taɓa taka feda ba. Don haka 'yan'uwana ɗalibai sai ku yi haƙuri da ni, labarin ɗan koyo ne, kuma daga garin da in hanya ba hawa take yi ba, to gangara take yi.

Sunan unguwar tamu ba zai zama baƙo a kunnen mutumin Kaduna ba, tunda akwai Abakwa a can. Akwai mai irin sunan a Abakaliki, akwai a Ogoja, har ma mutanen Bamenda ta ƙasar Kamaru suna yi wa garinsu laƙabi da Abakwa. Dattawanmu suna cewa da wannan suna ake kiran wurin da Hausawa baƙi suka yada zango. Zaman mutanen Arewa a Inugu dai tsohon zama ne, domin kuwa magajin gari na farko da birnin ya yi a shekarun 1950, Malam Umaru Altine, mutumin ƙasar Sakkwato ne. A yau Ibo ne suka fi yawa a Abakpa nesa ba kusa ba, amma har gobe in kana son shayi da asuba, ko tsire da dare, ko albasa da tattasai a kasuwa, Hausa za ka ji ana yi. A bakin waɗannan mutane na tsinci Hausata ta farko, kafin in zo wannan sashe a nuna mini cewa ashe abin da nake faɗa yana da nahawu.

Abin da ya kai ni ga keke, maganar gaskiya, aljihu ne ya fara, sha'awa ta biyo baya. Tun a 2012 gwamnatin Sullivan Chime ta hana acaba a cikin birnin Inugu, saboda haka duk mai fita aiki sai dai ya shiga bas ko Keke Napep. Da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayu na 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuma ba ta tsaya nan ba. Kuɗin mota ya bi sawunta. Ni kuma duk hutu nakan taya kawuna aiki a shagonsa na buga takardu da ke New Haven, kuma abin da yake ba ni a ƙarshen wata, in na cire na mota zuwa da dawowa, sai in ga kamar direbobi nake yi wa bauta. Sha'awar kuwa a Samaru na kamu da ita. Kullum da safe ina kallon abokan karatu suna wuce ni a kan keke, littafi a ɗaure a kariya, ni ina sharar gumi a ƙasa.

A gida ba a yi marhabin da maganar ba. A wurinmu keke abin ƙauye ne: na mai bammi da ke rataya jarkoki ya fito tun da duku-duku, ko na tsohuwa da ke ɗora buhun rogo zuwa kasuwa. Saurayin birni, kuma ɗan jami'a, in aka gan shi a kan keke sai a fara tambaya ko lafiya gidansu. Da harshen Ibo muna kiran keke "inyinya igwe", wato dokin ƙarfe, kamar dai yadda Hausawa ma sukan yi masa kirari, amma kirarin bai sa ya yi daraja a idon mahaifiyata ba. Cewa ta yi, "Mu muna jiran ka gama ka shigo mana da mota, kai kuma keke ka gani?" Kawuna ya fi ta iya hujja. Shi labarin marigayi Ojo Maduekwe ya ɗauko, ministan sufurin nan da ya yi ta kiran 'yan Najeriya su koma hawan keke a 2001, har wata bas ta tura shi cikin kwata a Abuja yana kan kekensa. Ya ce, "In minista bai tsira ba, kai wa zai tsare ka?"

Ka ga kenan abin ya wuce maganar ƙarfe da taya. Naira dubu 80 na tara, ba kuma a kwana ɗaya na tara ta ba. In na zuba ta a kan rubabben keke da zai mutu cikin wata guda, kuɗin sun tafi, sannan gorin gida ba zai ƙare ba har in yi aure.

Da irin wannan kuɗi sabon keke na kirki ya fi ƙarfina, don haka sai gwanjo, wanda a wajenmu ake ce wa Baljiyam ko tokumbo. Kekuna ne da aka gama hawa a Turai ko Amurka ko Japan, a loda su cikin kwantena, su sauka a Legas ko Kwatano, su biyo ta kasuwar Anaca su bazu cikin garuruwanmu. Masu sayarwa sun cika Facebook da WhatsApp da hotuna, kowane keke yana walƙiya kamar ango, ana cewa ka tura kuɗi a aiko maka a mota. Wani abokina ya matsa mini a kan wani ja mai ban sha'awa. Ni dai na ce ba na cinikin biri a sama. Tunda ban san komai ba a wannan harka, sai na nufi wurin wanda ya sani.

Akwai wani dattijo mutumin ƙasar Katsina da ke faci a gindin wata bishiyar mangwaro ba nisa da kasuwar Abakpa. Tun ina firamare nake ganinsa a wurin, kuma kowa Baba yake ce masa. Yawancin aikinsa yanzu tayoyin baro ne da kekunan yara, amma asalinsa mai gyaran keke ne, kuma shi kansa a kan wani tsohon Raleigh yake zuwa. Bayan mun gaisa na faɗa masa abin da ke tafe da ni. Bai ɗaga kai daga tubun da yake tsomawa cikin ruwa ba ya ce, "Ɗan boko, ina da ina za ka riƙa zuwa da shi?" Na ce New Haven, kullum, sai kuma ɗan yawo ran hutu. Ya ce, "In ya lalace, wa zai gyara maka?" Na ce, "Kai mana, Baba." Sai ya yi dariya ya ce, "To ashe ni zan zaɓa, ba kai ba. Kada ka kuskura ka jawo mini abin da ba ni da kayansa, ka zo ka tsaya mini a ka."

Na daɗe ina juya wannan magana. Duk abin da na karanta a intanet game da sayen keke, da tsawon mai hawa yake farawa ko da sunan kamfani. Babu wanda ya fara da mai gyara, domin masu rubutun suna zaune ne a inda kowane irin kaya ke zuwa har ƙofar gida. A Abakpa kuwa keken da babu tayarsa a kasuwa, ranar da ƙusa ta yaga ta, ranar ya zama abin shanya tawul.

Ni da farko irin na Baba na so. Raleigh suna ne mai nauyi a ƙasar nan. Kamfanin Ingila ne na garin Nottingham tun ƙarshen ƙarni na 19, har masana'anta ya taɓa kafawa a Kano, kuma a ƙauyukanmu na Ibo akwai lokacin da mallakar farin Raleigh ke nuna mutum ya isa. Daga baya Phoenix na ƙasar Sin da Hero na Indiya suka cika kasuwa da ƙira irin tasa: baƙin keke dogo, taya inci 28, birkin sanda, kariya mai ɗaukar buhu. Ga ƙarko, ga kayan gyara ko'ina. Na zaci Baba zai ji daɗi na yaba nasa. Sai ya girgiza kai ya ce, "Wannan keken Kano ne, ɗana. Ni ma ba ka ganin a tudu sauka nake yi in tura?"

Gaskiyarsa. Sunan Inugu ma daga "enu ugwu" ya fito, wato kan tudu. Duk mai fita daga Abakpa zuwa cikin gari sai ya gangara wajen rafin Ekulu, sannan ya sake hawa. Irin keken Baba ba shi da giya, ga nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa, saboda haka hawa azaba ne. Gangara kuma ta fi hawa hatsari, domin birkin sanda in ruwa ya jiƙa bakin wilin ƙarfe, sai ka matse iya ƙarfinka keke yana tafiya abinsa. Mu kuwa daminarmu takan fara tun wajen Afrilu ta kai Oktoba. Wato rabin shekara kenan mutum yana addu'a a gangara. Don haka dole sai mai giya. (Ranar da na faɗa wa wani abokina Bazazzagi cewa keke mai giya nake nema, cewa ya yi shi bai san kekunan Kudu har sha suke yi ba.)

Muka ware ranar Asabar, Baba ya bar wa yaronsa wurin, muka tafi shagon wani ɗan kasuwa da ke sauke kayan gwanjo daga Anaca. Kekuna sun fi talatin a jingine da juna. Idona ya fara sauka a kan wani siriri mai lanƙwasasshen kai, irin na 'yan tsere, wanda za ka iya ɗagawa da yatsa biyu. Baba ko taɓa shi bai yi ba. Ya nuna mini siririyar tayarsa ya ce ramin farko a hanyar Nike zai lanƙwasa wilin, sannan ya nuna bakin da ake ba shi iska. Ashe baki iri uku ne. Akwai irin na tsofaffin kekuna mai 'yar roba a ciki, akwai siriri na kekunan tsere wanda famfon yawancin masu faci ba ya kamawa, akwai kuma mai kauri irin na mota da babur, wanda duk mai facin da ka tarar a bakin titi zai iya ba ka iska. Ya ce na ukun nan za mu nema.

Sai kuma waɗanda suka fi jan idon samari, masu sifirin gaba da baya da rubuce-rubuce masu launi. Na ɗaga ɗaya na ji ya kusa kai na Baba nauyi. Irin waɗannan in na araha ne, sifirin ɗin ado ne kawai: yana shanye ƙarfin ƙafarka a tudu, in ya saki kuma ba mai gyara shi. Araha dai ba ta ado, amma a nan adon ne ma ya zo da arahar.

Wanda ya kusa ruɗa ni shi ne wani keken Japan mai kwando a gaba, tsaf da shi, da fitila da makulli a jikinsa. A tayarsa an rubuta 26, kuma na riga na ji Baba yana cewa inci 26 ce tayar da ta fi samuwa. Na ce to ga shi nan. Sai ya sa farce ya kankare ƙasar da ke jikin tayar ya ce in karanta duka. An rubuta 26 x 1 3/8. Ya kai ni wurin wani ya ce in karanta, na ga 26 x 1.95. Ya ce, "Wannan da wancan ba uwarsu ɗaya ba. Tayar wannan ba ta shiga wilin wancan ko da za ka kwana kana dukanta." Daga baya na bincika na tarar haka abin yake: wilin na farko faɗinsa milimita 590 ne, na biyun kuma 559, duk da cewa dukansu 26 ake ce musu. Baba bai san milimita ba, amma hannunsa ya san bambancin tun kafin a haife ni. Ta biyun ce, ta kekunan hawan tudu, ta fi yawa a kasuwarmu.

A ƙarshe muka tsaya a kan guda biyu, dukansu kekunan hawan tudu, babu sifirin. Ɗaya jikinsa na alminiyom, ya fi sauƙin ɗauka, ɗayan na ƙarfe, fentinsa kore ya koɗe, da 'yar tsatsa nan da can. Baba ya fiddo maganaɗisu daga aljihu ya manna wa kowanne, ya kama a jikin koren, ya zame daga ɗayan. Ya ce ƙarfe in ya tsage kowane mai walda a unguwa zai ɗinke shi, alminiyom kuwa sai an yi yawon neman mai injinsa, kuma sau da yawa ba ya komawa daidai. Tsatsar sama ba ta dame shi ba. Abin da ya fi tsoro shi ne sabon fenti a jikin tsohon keke, domin a cewarsa ba a yi wa keke kwalliya a gwanjo sai in akwai tabon da ake ɓoyewa.

Daga nan ya shiga duba koren kamar mai sayen saniyar layya, ni kuma na buɗe ido ina kallo. Ya fara bin duk mahaɗar ƙarfe da yatsa, musamman ƙarƙashin wuyan keken, yana neman tsagewa ko inda fenti ya tattare, domin keken da ya taɓa karo da gaba a nan yake nunawa. Ya tsuguna ta gaba ya rufe ido ɗaya ya duba ko ƙafafun da ke riƙe da tayar gaba sun karkace. Ya matse birkin gaba ya tura keken gaba da baya, yana sauraron ko wuyan zai yi ƙwas-ƙwas. Ya kama hannun feda ya jijjiga shi gefe da gefe, don in yana rawa to boris ɗin ciki ya ci. Ya ɗaga kowace taya ya juya ta, ya kafa ido a tsakanin wili da robar birki: ta gaba ta tafi sumul, ta baya tana ɗan lilo, amma ya ce wannan aikin ɗaure waya ne, ba ciwo ba. Ya ja sarƙa daga jikin babban faranti ya ga ta ɗago har ana hango haƙori, ya ce ta miƙe, sai an canja. Haƙoran kansu ya duba su ɗaya bayan ɗaya ko sun yi tsini kamar ƙaya, ya tarar da sauransu.

Abu na ƙarshe da ya yi ban taɓa tsammaninsa ba. Ya kwance ƙusar da ke riƙe da sandar sirdi ya murɗa ta. Ta motsa. Ya ce da ta ƙi motsi, da mun bar keken ko kyauta ne, domin sandar da tsatsa ta haɗe da jikin keke ba ta hawa ba ta sauka, kuma ɗan koyo dole ya fara da sirdi a ƙasa. Sannan ya ce in ƙetara in tsaya da ƙafafuna biyu a ƙasa, ƙarfen tsakiya a tsakanina. Ya ga akwai sarari kamar yatsu uku. Ya ce, "Ya yi maka. Da ya fi haka tsawo, ranar da ka taka birki ka zamo gaba, za ka tuna da ni."

Ciniki kuma wani darasi ne daban, kuma a nan ne karatuna ya yi rana. Mai shagon Ibo ne, ba ya jin Hausa, Baba kuma Ibonsa bai wuce na gaisuwa da lissafi ba, sai na zama tafinta a tsakaninsu a kan kuɗina. Mai shago ya ce dubu 95. Baba ya ce mini, "Taya." Nan take na tuna darasin karin sauti da muka sha wahalarsa a aji ɗaya: ga taya ta keke, ga taya ta ciniki, ga kuma Baba da ya zo taya ni. Na taya dubu 50. Mai shago ya daka tsalle ya rantse ko kuɗin kwastan bai fito ba. Na juya wa Baba wannan da kalma ɗaya, na ce, "Ya ce albarka." Baba bai ɗaga murya ba. Sai ya riƙa lissafa aibin keken a hankali, sarƙa, robar birki, wayar giya da ta yi tsatsa, wilin baya, ni kuma ina mayarwa da Ibo, kowane aibi da kuɗin gyaransa. Da abin ya tsaya cak sai ya kama hannuna muka juya kamar za mu tafi. Ba mu yi taku goma ba aka kira mu. An sallama a dubu 62. Baba ya ce a nemi gyara, na yi wa mai shago bayanin cewa a wurin Hausawa ciniki ba ya cika sai da ɗan ƙari, ya yi dariya ya ciro ƙararrawa daga jikin wani keke ya ba mu.

Kafin in miƙa kuɗi Baba ya kifa keken ya nuna mini lambar da aka buga a ƙarƙashin mahaɗar feda, ya ce a rubuta ta a jikin rasit tare da launin keken da sunan shago. Keken sata ma gwanjo ake ce masa, kuma ranar da mai shi ya gan ka a kai, ko ɗan sanda ya tare ka, wannan 'yar takarda ce kaɗai za ta yi maka magana.

Dubu 18 da suka rage ba su koma aljihuna ba. Tun a hanya Baba ya gargaɗe ni cewa mai sayen keken gwanjo ba ya kashe duk kuɗinsa a wurin saye. Sabuwar sarƙa, robobin birki huɗu, wayoyin birki da na giya, tubu guda na ajiya, giris a duk inda boris yake, da ladan aikinsa wanda da ƙyar ya karɓa. Makulli da hular kwano da 'yar fitila sai a wata na gaba na saya. Hular ma gwanjo na so saya, amma na karanta cewa wadda ta taɓa buguwa ba ta sake kare kai ko da ba a ga tsagewa a jikinta ba, sai na daure na sayi sabuwa.

Koyon hawan bai ɗauki lokacin da na ji tsoro ba. Baba ya cire fedojin biyu, ya sauke sirdi har tafin ƙafata na taɓa ƙasa, ya ce in je filin makarantar firamare in yi ta turawa da ƙafa ina ɗagewa, har jikina ya koyi tsayuwa da kansa. Yaran unguwa suka samu sinima kyauta. Wani ɗan ƙaramin da bai kai ƙuguna ba har tayi ya yi zai koya mini in ba shi naira 100. Kwana uku ina wannan, ran na huɗu aka mayar da feda, na zagaya filin sau biyu ban sauke ƙafa ba. Bayan mako biyu aka ɗaga sirdin zuwa inda ƙafata ke kusan miƙewa in feda ta kai ƙasa, sai ciwon gwiwar da na fara ji ya ɓace.

Titi kuwa sai da na yi kusan wata guda ina bin lunguna kafin in tunkare shi. Direban Keke Napep yakan tsaya a gabanka ba sigina ba komai da zarar ya hango fasinja, mai bas kuma bai ɗauke ka a bakin komai ba, don haka na koyi fita tun ƙarfe shida da rabi kafin hanya ta cika, in kuma bar tazara tsakanina da duk abin da ke ɗaukar fasinja. Giya 21 keken ke da ita, amma waɗanda nake amfani da su ba su wuce shida ba. Sirrin dai shi ne a sauya zuwa mai laushi tun kafin a fara hawa, ba sai ƙafa ta yi nauyi ba, in ba haka ba sarƙa ta yi ƙara ta zame. Tudun da ke bayan rafin Ekulu sau biyar na farko turawa na yi, a na shida na haye shi a zaune, na isa shago riga sharkaf. Tun daga ranar nake tafiya da riga ta biyu a jaka.

Ran Lahadi da yamma nakan bi hanyar tafkin Nike in sha iska, wani lokacin kuma ran Asabar da safe in je dandalin Okpara inda masu motsa jiki ke taruwa. A can na ga masu kekunan da kuɗin ɗaya zai sayi irin nawa ashirin, da tufafinsu masu ɗamewa, suna maganar hawan tudun Milliken, tsohuwar hanyar nan mai lanƙwasa da ke haurawa Ngwo. Sun gayyace ni, na ce su ba ni shekara guda.

Mahaifiyata har yanzu ba ta ce keken ya burge ta ba. Sai dai na lura in gas ya ƙare, ko ana bukatar a kai wa ƙanwarta saƙo a Trans-Ekulu, ba ta ƙara cewa a nemo mai Napep, ni take ƙwala wa kira. Kawuna kuma ya daina ba ni labarin minista, ya koma tambayata nawa na rage a wata.

Da hutu ya ƙare na yi tunanin ɗora shi a kan mota in taho da shi Zariya, amma kuɗin da direba ya yanka mini ya kusa sayen rabin wani keken. Baba ya ce in bar shi. Ya shafe sarƙar da mai, ya ce a rataye shi a ɗaki kada tayoyin su zauna a ƙasa wata huɗu su tsattsage, kuma kada a bar wa ƙannena makullin. A nan Samaru kuwa, da yake ƙasar a shimfiɗe take, wani tsohon Phoenix nake zawarci a wurin wani mai faci da ke kusa da kasuwa. Na riga na murɗa sandar sirdin, ta motsa. Ya ce dubu 40, na taya 25, ya ce albarka, mun yi da shi zan koma ran Juma'a.